A rubuta yadda aka shirya kwamfuta, a miƙa wa mai ita

A garin nan namu na Damagaram, duk kwamfutar da ta fara nauyi ko ta ƙi tashi hukuncinta ɗaya ne: a goge ta, a sake zuba mata komai daga farko. Mai gyara ya karɓa, ya ce ka dawo bayan la'asar. Ka dawo ka tarar ta tashi garau, amma ba ita ce wadda ka kawo ba. Firinta ta daina amsa mata, madannai sun juye, salon baƙaƙen da kake buga takardun makaranta da shi ya ɓace, ƙaramar manhajar nan da wani ya taɓa sa maka don haɗa takardu wuri guda ko sunanta ba ka tuna ba. Sai ka kwashe kwanaki kana lalube, kana tuno abin da ke cikinta a da. Ban ga laifin masu gyara ba, da abin da suka tarar suke aiki. Abin da ke damuna shi ne mun yarda haka kwamfuta take, mun yarda yadda aka shirya ta ya zauna a cikin kan mutum guda, in ya manta ko ya yi tafiya shi ke nan.

Aikina kula da kwamfutoci ne a wata ƙaramar cibiya da ake koya wa matasa buga takardu da lissafin ofis, tawa ta gida kuma Linux ce a kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Abin da nake son in kare shi ne wannan: duk wanda ya shirya kwamfuta, tasa ce ko ta wani, shirin ya kasance a rubuce cikin fayil, fayil ɗin kuma ya zauna a hannun mai kwamfutar. Ba takardar tunatarwa nake nufi ba, irin wadda ake liƙawa a bango har rana ta cinye tawadar. Rubutu nake nufi wanda ita kanta kwamfutar za ta karanta ta gina kanta da shi.

Hanyar da muka saba ita ce ta umarni bayan umarni. Yau ka girka wannan, gobe ka cire wancan, jibi ka shiga wani lungu ka canza abu guda don firinta ta yi aiki. Bayan shekara biyu kwamfutar ta zama tarin abubuwan da aka yi mata, kuma babu mai riƙe da lissafinsu, har shi wanda ya yi. Ɗaya hanyar kuwa ba ka faɗin matakai, faɗi kake yi yadda kake son ta kasance, manhaja ta nemo hanyar kai ta can. Idan ka kai shadda wurin tela ai ba ka tsayawa a kansa kana cewa yanka nan, ɗinke can. Awonka yake dubawa a littafinsa: tsawo kaza, hannu kaza, wuya iri kaza. Ko daga Agadas ka aiko da yadi bayan shekara, riga iri ɗaya za ta fito, in ma ba ya nan yaronsa ya buɗe littafin ya yi aikin.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. Wani ɗan ƙasar Holan, Eelco Dolstra, shi ya fara Nix, manhajar girka manhajoji bisa rubutaccen shiri, a 2003 yana bincike a Jami'ar Utrecht, kuma a kanta ya yi digirinsa na dokta a 2006. Daga nan aka gina NixOS, wato Linux ɗin da kusan duk shirinta ke fitowa daga rubutu. A 2012 wani Bafaranshe, Ludovic Courtès, ya ɗauki tunanin ya fara wata irinta mai suna Guix. Rumbun manhajojin Nix yau ya haura 100,000, yana cikin mafi girma a duniyar Linux, kuma masu sa kai ne ke ɗauke da mafi yawan aikinsa.

A NixOS fayil ɗin sunansa configuration.nix. Ga kaɗan daga abin da ke cikin na cibiyarmu, don mai karatu ya ga ba tsafi ba ne:

time.timeZone = "Africa/Niamey";
i18n.defaultLocale = "fr_FR.UTF-8";
services.xserver.xkb.layout = "fr,ng,ara";
services.xserver.xkb.variant = ",hausa,";
services.xserver.desktopManager.xfce.enable = true;
services.printing.enable = true;
environment.systemPackages = with pkgs; [ libreoffice firefox vlc ];

Layin farko ya ce agogo ya bi lokacin Yamai. Na biyu ya ce kwamfuta ta yi magana da Faransanci. Na uku da na huɗu sun ba ta madannai iri uku, na Faransanci da na Hausa da na Larabci. Na biyar ya zaɓi Xfce, fuskar tebur marar nauyi wadda tsofaffin na'urori ke iya ɗauka. Na shida ya kunna buga takardu. Na ƙarshe jerin manhajoji ne. Ka buga umarni guda, nixos-rebuild switch, kwamfuta ta mai da kanta daidai da abin da ke rubuce. In ka share sunan wata manhaja daga jerin ka sake buga umarnin, ta fita daga tsarin. Ka kai fayil ɗin wata kwamfuta, ta zama ƴar uwar ta farko. Abin da ya bambanta na'ura da na'ura, kamar irin diski da yadda aka raba shi, yana wani ƙaramin fayil na daban wanda ake samarwa lokacin girkawa.

Layukan madannai su na fi so a tsaya a kansu. A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa na sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To, shiga shagunan buga takardu na garin nan ka ce a buga maka shafi guda na Hausa. Sau da yawa ɗ za ta fito d, ƙ ta fito k, ɓ ta fito b, ba don mai bugawar ba ta san Hausa ba, sai don babu wanda ya taɓa shirya mata madannan. Wasu kwamfutocin namu na tsarin Faransa ne, wasu kuma ƴan gwanjo ne da suka biyo ta Kano da tsarin Ingilishi, kowace da halinta. Alhali Linux tana zuwa da tsarin madannan Hausa a cikinta tun tuni, kunnawa kawai ya rage. Haka masu rubuta ajami: akwai salon baƙaƙe mai suna Alkalami da aka zana shi musamman a kan irin rubutun hannun malaman ƙasar Kano da Nijar, kyauta ne. Amma wanda ya wahala ya gano waɗannan ya sa a kwamfuta ɗaya, ranar da aka goge ta wahalarsa ta bi ruwa. In a rubuce suke, mutum ɗaya ya gano, ɗaki guda ya amfana, makaranta ta gaba ta kwafa. Maganar ɗaukaka harshe da ake yi a taruka, wani yanki nata a irin waɗannan layuka biyu yake.

Abu na biyu da ya sa na riƙe wannan hanya shi ne wuta. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san kuran na iya ɗaukewa a kowane lokaci, batirin kwamfutar gwanjo kuwa sau da yawa suna ne kawai. A tsarin da aka saba, sabuntawa na nufin a danne tsofaffin fayiloli da sababbi a wuri guda. In wuta ta ɗauke ana tsakar haka, rabi sabo rabi tsoho, wani lokaci kwamfutar ba ta sake tashi sai an yi mata aiki. Nix ba ta danne komai. Kowace manhaja tana da ɗakinta a wani wuri da ake kira /nix/store, sunan ɗakin kuma yana farawa da wata doguwar lambar shaida da aka lissafo daga duk abin da aka haɗa manhajar da shi. In wani abu ya canza, lambar ta canza, sai a buɗe sabon ɗaki kusa da tsohon. Sabon tsari gaba ɗayansa a gefe ake gina shi, sai ya kammala sannan a juya akala zuwa gare shi. Wuta ta ɗauke ana cikin saukewa, tsohon yana nan yadda yake. Ta dawo, ka ci gaba daga inda aka tsaya.

Tsohon kuma ba ya tafiya ko bayan sabon ya hau. Kowane zubi, wato kowane tsarin da aka gina, yana da lambarsa, kuma duk suna jere a allon farko da ke fitowa in an kunna kwamfuta. Wata safiya a cibiyarmu, bayan an sabunta, ɗaya daga cikin tsofaffin na'urorin ta tsaya da baƙin allo, sabon abin da ya zo bai jitu da katinta na hoto ba. Yarinyar da ke zaune gabanta tana da takardar da za ta miƙa kafin azahar. Ta juyo ido ya raina fata.

“Mushe, ta mutu ko?”

Na ce, “Ba ta mutu ba, ɗiyata. Kashe ta ki kunna. In jerin nan ya fito, ki sauka ki zaɓi wanda ke ƙasa da na yau.”

Ta yi da hannunta, ban taɓa madannan ba. Tebur ɗinta ya dawo yadda ta bar shi jiya. Ta gama aikinta, ni kuma da yamma na zauna na nemi abin da ya kawo matsalar ba tare da kowa na tsaye a kaina ba. Abin da ya fi burge ni ba saurin gyaran ba ne. Yarinya ce da wata uku kafin nan tsoron taɓa linzamin kwamfuta take yi, ga shi ta mai da na'ura hayyacinta da kanta. Yaranmu da yawa tsoron kwamfuta suke, don an rene su da “kar ka taɓa, za ka lalata”. Inda komawa baya ke da sauƙi, wannan tsoron ba shi da wurin zama, kuma wanda ba ya tsoro shi ke koyo.

Tunda shirin rubutu ne, ana iya ajiye tarihinsa. Ina amfani da Git, manhajar ajiye tarihin canje-canje, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, shi ne kuma ya fara Linux ɗin kanta a 1991. Duk canjin da na yi ina barin ɗan bayani: an ƙara firintar ofishin darakta, an cire manhaja kaza don tana cin wuri. Wanda zai gaje ni zai karanta ya san dalilin kowane layi. Akwai kuma Home Manager, wadda ke yi wa shirin mutum na kansa abin da NixOS ke yi wa na'ura baki ɗaya, wato launin tebur, gajerun hanyoyin madannai, yadda manhajar rubutu ke buɗewa. Da ita, tawa ta gida da wadda nake zama gabanta a wurin aiki hannuna bai san bambancinsu ba.

Me ya sa nake ganin maganar ta wuce sha'awar mutum ɗaya? Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da na'ura ta baya-bayan nan. Da yawa daga kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwar Dole da shagunan cikin gari, da waɗanda ke makarantu da ofisoshi, sun girmi wannan sharaɗi, alhali lafiyarsu lau. Ko dai su ci gaba da tsohuwar manhaja da ba a toshe mata ɓaraka, ko a yi musu dabarar tura sabuwa da ƙarfi, ko su koma Linux. Ina da yaƙinin da yawa Linux za su koma, don aljihu ne zai yanke hukunci. Fargabata ita ce mu ƙaura da tsohuwar ɗabi'armu, kowace na'ura a shirya ta da ka, in ta yi tari a goge ta. In haka ne mun canza suna ne kawai.

Dubi ɗakunan kwamfuta na makarantu. Kowa a cikinmu ya san labarin irinsu: an kawo na'urori, an yi biki, wani ƙwararre ya zo ya shirya su ya koma. Wata shida, wannan ta ƙi buɗe takarda, waccan ɗalibi ya canza mata wani abu, ta ukun an kai ta gyara ta dawo da wata manhaja daban. Malamin da aka damƙa wa ɗakin lissafi yake koyarwa, ba a koya masa wannan ba. Ƙwararren yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Daga ƙarshe a rufe ɗakin, ƙurar hunturu ta gama da sauran. Na'urorin ba su lalace ba, ilimin shirya su ne ya hau mota ya tafi. Da an bar fayil guda a ofishin darakta, malamin lissafin nan zai iya mai da kwamfutocin duka daidai da juna, ko ya kira wani yaro mai kai daga cikin gari ya yi.

Amma ba zan sayar wa kowa da wannan hanya ba tare da na faɗi tsadarta ba, kuma a wurinmu tsadar ta fi ta Turai nauyi.

Na farko mega, wato kuɗin intanet. Lambar shaidar nan da na yaba, ita ce kuma ke cin kuɗi. In aka taɓa wani ginshiƙi da kusan kowace manhaja ta dogara da shi, lambobin duk waɗanda ke bisansa sun canza, sai a sake sauke su ko da su kansu ba abin da ya same su. Sabuntawar da a wata Linux ɗin ƙarama ce, a nan tana iya zama giga da yawa. Ga shi NixOS na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba, kuma kowane zubi kimanin wata bakwai ake kula da shi. Wanda ke zaune inda intanet ke zuba kamar famfo ba ya jin wannan. Ɗalibin da ke sayen mega da kuɗin abincinsa yana ji har ƙashi. Tsofaffin zubin kuma suna cin diski, sai ana share su lokaci-lokaci, abin da mai ƙaramin diski ba zai yi sake da shi ba.

Na biyu harshe, iri biyu ma. Nix tana da nata harshen rubutu, kuma in ka yi kuskure saƙon da take mayarwa yakan yi tsawo ya rikita mai koyo. Bayanan koyonta a warwatse suke, mafi yawa da Ingilishi, mu kuwa lakwal da Faransanci muka yi ta. Akwai ma wata sabuwar hanya da ake kira flakes, mai kulle ainihin zubin kowace manhaja a cikin fayil don abin da ka gina yau shi za ka gina baɗi. Ta shigo tun 2021, mutane da yawa da ita suke aiki, amma a hukumance har yanzu gwaji ake kiranta, sai mai koyo ya tarar da bayani iri biyu bai san wanne zai bi ba. Guix ta fi kyautata wa mai Faransanci, don littafinta an fassara shi. Sai dai ita ba ta yarda da manhajar da ba a buɗe asalinta ba, don haka katin wifi na kwamfutocin gwanjo da yawa ba ya aiki a kanta sai an nemo ƙari daga wani wuri.

Na uku, manhajar da aka sauko da ita daga waje, wadda aka haɗa don sauran Linux, sau da yawa ba ta tashi kai tsaye a NixOS, don ba ta samun abubuwan da take nema a inda ta saba samunsu. Akwai dabarun zagaye wannan, amma ƙarin karatu ne. Wasu firintocin ma sai an sha fama.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba. Amsata ita ce wahalar ta mutum ɗaya ce in ya tsaya shi kaɗai. Tunda kowane ɗaki a rumbun Nix na cikin kwamfuta, wato /nix/store, yana da lambar da ba ta canzawa, abin da kwamfuta ɗaya ta sauke ana iya kwafe shi zuwa wata ta wayar haɗa kwamfutoci ko ta diskin hannu, ta karɓa kamar daga intanet ya zo. A cibiyarmu na'ura guda ce ke saukewa, da dare lokacin da reso ya fi sauƙi, sauran daga wurinta suke ɗiba. Abin da muka yi a ɗaki guda ana iya yinsa a gari guda. Da ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou za su ajiye na'ura ɗaya ta zama rumbu, su kuma rubuta fayil na asali wanda ya dace da mu, da agogonmu da madannanmu da manhajojin ofis, mai shago a Zango ko malami a Mirriya sai ya zo da diskinsa ya ɗiba, ya ƙara layi biyu na buƙatarsa. Bayanin kowane layi a rubuta shi da Hausa da Faransanci a cikin fayil ɗin, tunda akwai wurin yin haka. Aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin mutum goma ba, kuma kundin kammala karatu ne mai amfani ga duk ɗalibin da ya ɗauka.

Ba kuma cewa nake kowa ya koma NixOS ba. Ofishin da ba shi da mai kula da shi kullum, na fi ba shi shawarar Debian, wata irin Linux wadda ke nan tun 1993, ba ta gaggawa, zubinta guda na shekaru ana kula da shi, sabuntawarta kuma ƙanana ne. A ɗora mata Ansible, manhajar da Michael DeHaan ya fara a 2012, inda ake rubuta jerin abin da ake so cikin salo mai sauƙin karantawa. Tana da rauni guda da ya kamata a sani: abin da ka rubuta take tabbatarwa, abin da wani ya ƙara da hannu ba ta ganinsa, kuma in ka share suna daga jerin ba ta cire manhajar sai ka ce ta cire. Ba ta da jerin komawa baya irin na NixOS. Duk da haka tazarar da ke tsakanin wanda ke da wannan da wanda ba shi da komai ta fi tazarar da ke tsakaninsa da mai NixOS. Wanda ma bai kai nan ba, ya fara da fayil guda mai sunayen manhajojinsa da kwafin ƴan fayilolin shirinsa a kile, wato ƙaramin diskin USB. Ya riga ya shiga hanya.

Gargaɗi biyu, don na ga mutane na ruɗewa a kansu. Rubutaccen shiri yana dawo da kwamfuta, ba ya dawo da takardunka. Kundin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa, hotunan suna da na biki, lissafin shago, duk ba sa cikin fayil ɗin nan, ajiyarsu aiki ne na daban kuma shi ya fi muhimmanci. Sannan kada a rubuta kalmar sirri a ciki. Duk mai amfani da na'urar yana iya karanta abin da ke cikin rumbun Nix, fayil ɗin kuma don a raba shi aka yi shi.

Saura maganar da ta fi taɓa zuciyata. Wani mai gyara da muke mutunci da shi, ya girme ni, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ƙanena, in kowa ya iya mai da kwamfutarsa da kansa, mu me za mu ci?” Tambaya ce ta mai iyali, ba ta wasa ba, kuma ban ɗauke ta da sauƙi ba. Abin da na ce masa shi nake faɗi a nan. “Yaya, gogewa da sake zubawa shi ne aikin da ya fi kowane arha a shagonka, kuma yaron da ya yi wata biyu a wurinka ya iya shi. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne zama da mai makaranta a ji buƙatarsa, a rubuta masa shiri, a riƙa sabunta masa duk wata shida.” Wannan aiki ne na yarjejeniya, kuɗinsa na zuwa a kan kari, ba sai na'ura ta mutu ba. Allo zai ci gaba da fashewa, madannai za su ci gaba da cika da ƙura, zafin Afrilu da Mayu zai ci gaba da kashe batir da fanka. Gyaran ƙarfe ba inda za shi. Abin da zai ragu shi ne riƙe mutum da abin da bai sani ba, kuma ban yarda arzikin mai sana'a na can ba. Na san a sana'o'inmu da yawa ana ɓoye wa yaro wani abu har sai ya daɗe. A wannan sana'a ɓoyon ba ya kare kowa, don abin da ka ɓoye yana nan a intanet, wanda ya rasa shi kawai shi ne maƙwabcinka da ba shi da mega. Bai ce ya yarda ba. Ya dai ce in kawo masa fayil ɗin ya duba, na kai masa.

Ga masu sa hannu a takardun saye kuwa, daraktocin makarantu, shugabannin ƙungiyoyi, masu kula da kuɗin ma'aikatu, buƙatata ƙarama ce kuma ba ta ƙara ko dala a kan farashi. Duk wanda zai kawo muku kwamfutoci ya shirya su, ku sa a cikin yarjejeniya cewa zai miƙa rubutaccen shirinsu tare da su, kwafi a kile, kwafi a takarda. Kafin a biya shi kuɗin ƙarshe, a zaɓi na'ura ɗaya daga cikinsu a goge ta ƙarƙaf a gaban kowa. Sannan wani ma'aikacinku, ba shi mai kawowar ba, ya zauna da fayil ɗin ya mai da ita. In ta dawo daidai da ƴan uwanta, ta buga takarda, ta rubuta ɗ da ƙ, a biya shi. In ba ta dawo ba, aikin bai ƙare ba, ya zauna ya cike abin da ya bari a kansa bai rubuta ba.